Abu na Ƙarshe, Kashi na Bakwai

Yau kwana huɗu ke nan ni da ƙafata ta hagu ba ma ga maciji. In na taka ta tana tafiya, amma ba ta sanar da ni inda ta sauka. Uwargida ta ce in je asibiti. Na ce in na je me zan ce wa likita? In ce masa na ɗauki ƙaton yaro ɗan shekara 13 a cinya tun daga Unguwa Uku har bayan dajin Falgore don in tsira da kuɗin kujera guda? Ai maganin da zai rubuta mini ba na ƙafa ba ne.

An ce zumunta a ƙafa take. To ni tawa ƙafar ta yi zumuncin har ta suma.

Saukar karatu ce ta kai mu. Jikokin Kawuna biyu suna cikin masu sauka a wani ƙauye can ƙasar Doguwa, shi kuma Kawu shi ne uban taro. Ya bugo waya da kansa ya ce, "Ka zo da iyali gaba ɗaya, kada ka bar ko kyanwa." Tun da nake, ban taɓa jin wanda ya ce a zo da iyali gaba ɗaya ya ƙara da cewa ga kuɗin mota ba. Gayyata kyauta ce, amsa ta ce ake saye.

Daren tafiya muka zauna zaman kasafi ni da uwargida. Mu biyar ne: ni, ita, ɗan fari, 'yar tsakiya, sai Auta. Ta ce a sayi kujera uku. Na ce biyu. Ta ce yaron nan fa ya kusa kamo ka a tsawo. Na ce tsawo ba shekaru ba ne, kuma a tasha shekaru ake tambaya. Na kawo mata hujja cewa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da shugaban ƙasa ya tsaya a Abuja ya faɗi jumla guda a kan tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Tun ranar duk wani uba mai hankali ya koma kujera. Ta ce to, ƙafarka ce.

Na kira yaron na yi masa darasin farko na iya magana a cikin jama'a, wato yin shiru. Muryarsa ta fara buɗewa, in ya yi sallama a zaure sai maƙwabta su ɗauka mai karɓar kuɗin wuta ne ya zo. Na ce masa daga nan har mu sauka, kai kurma ne. In an tambaye ka wani abu, ka dubi ƙasa ka sa yatsa a baki.

A Unguwa Uku ɗan kamasho ya leƙo ta taga ya ƙirga kawuna, ya ƙirga kuɗi, ya sake ƙirga kawuna.

"Alhaji, wannan fa?"

"Yaro ne."

"Shekararsa nawa?"

"Bakwai."

Ya dubi ƙafafun yaron da suka shige ƙarƙashin kujerar direba har suna neman birki, ya dube ni, ya ce Allah ya raya. Daidai nan yaron ya yi tari, irin tarin da in an yi shi a masallaci ake matsawa a ba mutum sahun gaba. Na ce mura ce.

Dabarata ta biyu ita ce tafiyar yanke-yanke. Wani abokina ya rantse mini cewa in ka shiga motar Kwanar Dangora, ka sauka ka hau ta Tudun Wada, ka sake sauka ka hau ta gaba, ya fi sauƙi a kan ka biya kai-tsaye. Abin da bai faɗa mini ba shi ne kowace tasha da nata ɗan kamashon, kuma kowanne sai ya tambayi shekaru. A Kwanar Dangora na ga idon mutumin ya fi na farko kaifi, sai na rage, na ce shida. A Tudun Wada na riga na gaji, na ce biyar. Yaro yana ƙara nauyi a cinyata, yana raguwa a bakina. Na lissafa, da tafiyar ta kai Saminaka da sai an nemo rago an raɗa masa suna, da kuwa Jos muka nufa, da uwarsa ta koma zuwa awo.

Wani dattijo da ke gefena, mai buhun iri a tsakanin ƙafafu, ya daɗe yana kallon leɓen yaron na sama inda wani baƙi-baƙi ya fara tsirowa. Da muka ɗan yi nisa ya kasa daurewa.

"Malam, biyar ka ce?"

"Biyar."

"Ikon Allah. Yaran birni taki ake zuba musu?"

Abin da ya fi ciwon ƙafar ci mini rai shi ne, wannan fa ɗan fari ne. Shekara 13 ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan yaron". Ko a ranar sunansa ban ɗauke shi ba, don kada a ce ba ni da kunya. Mahaifiyata ta yi alfahari da ni a kan haka. Ga ni yau na rungume ƙugunsa da hannu biyu, duk ramin da mota ta faɗa sai in ƙanƙame shi kamar za a ƙwace mini. Abin da al'ada ta hana shekara 13, tsadar mai ta halatta shi a safiya guda. Shi ma yaron kunya ta hana shi jingina, ya zauna ƙiƙam kamar an dasa shi, duk nauyinsa a kan ƙashi guda.

Batun abinci ba sai na ja ba. Uwargida ta tashi da asuba ta yi dafa-duka ta cika kula don kada mu sayi komai a hanya. Kular ta shiga but, aka ɗora mata buhun taki uku. Mun dai ji ƙamshinta. A Kwanar Dangora masu talla suka yanyame motar, rake, awara, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ayaba, Auta ta miƙa yatsa ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa gardama da yatsan auta a cikin motar haya ya san yadda ake ƙarewa. Rabin kujerar da na tsira da ita a nan ta tafi.

Katin gayyata ya ce ƙarfe 10:00 na safe daidai. An fara sha biyu da rabi, saboda ana jiran babban baƙo na musamman. Bai zo ba, ya aiko wakili. Wakilin ma wani uzuri ya taso masa, ya aiko nasa wakilin. Wanda ya iso ɗin saurayi ne da babbar riga ta aro, ya karanta takardar da ke ba da haƙurin rashin zuwan wanda ya aiko wanda ya aiko shi. An tafa masa sau uku, kowane mataki da tafinsa.

Masu jawabi tara ne a takarda. Kowanne in ya karɓi makirufo sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya hura masa iska, ya ce "Ana ji na?" Makirufon da wani ya gama ihu a cikinsa yanzun nan, har akuyoyin bayan gari sun ji. Me kake zaton ya same shi tsakanin hannunsa da naka? Sai gaisuwa. Hakimi, dagaci, mai unguwa, wakilin shugaban ƙaramar hukuma, kansila, tsohon kansila, kansila mai jiran gado, sarkin noma, sarkin fawa, sarkin tasha, shugaban 'yan sintiri da mataimakinsa. Sai ya ce duk wanda ban ambata ba ya yafe ni, sannan ya juya ya ambace su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ya taso ya ce shi ba zai maimaita gaisuwa ba tunda an riga an yi, ya tsaya a kan ta magabacinsa. Ya tsaya a kanta ɗin kuwa, ya tattake ta daga farko har ƙarshe, ya ƙara da sarkin aska da aka manta. Hakimi ya sha gaisuwa tara a zaune a kujera guda. Ko mai jego ba ta samun haka.

Sai aka kira Kawu.

Ina son Kawu. Shi ya saya mini keke na farko. Amma da ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Ni ba mai dogon bayani ba ne," sai na ga matan garin sun fara kwance goyo suna shimfiɗa zannuwa. Su sun san shi.

Ya fara da tarihin karatu a garin, wanda a wurinsa ya faro tun zamanin da Turawa ke haƙar kuza a Riruwai. Ya bi ta kan kakansa da ya yi leburanci a can, da jakin kakan, da abin da ya kashe jakin. Ƙarfe uku saura ya ce, "A taƙaice." Na ji daɗi, na fara neman takalmin Auta. Ashe taƙaicewar shimfiɗa ce. Uku da kwata ya ce, "Abu na ƙarshe." Wannan na ƙarshen a kan tarbiyya ne. Na ƙarshe na biyu a kan wayar hannu. Na uku a kan tsadar taki, inda dattijon motarmu, da ashe shi ma taron ya zo, ya yi kabbara shi kaɗai. Na huɗu ya zo da 'ya'ya, don Kawu ya ce abin nan na ƙarshe ya kasu kashi uku.

Mai gabatarwa ya rubuta 'yar takarda ya lallaɓa ya miƙa masa. Na san abin da ke ciki, saura minti biyu. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri, ya ninke ta ya zura a aljihu ba tare da ya buɗe ba. Ya ɗauka gudummawa ce. Aka aiko ta biyu, ya sanar da jama'a cewa ga wani bawan Allah ma ya ƙara, ba ya so a faɗi sunansa.

Aka kira la'asar. Na ce alhamdu lillahi, abin da takarda ta kasa, ladan ya yi. Muka yi alwala, muka yi salla, muka dawo. Kafin kowa ya zauna Kawu yana riƙe da makirufo, ya ƙwanƙwasa, ya hura, ya ce, "Ana ji na? To, kamar yadda nake cewa."

Ana yawan ba da labarin Gaddafi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009, da aka ba shi minti 15 ya cinye sama da awa ɗaya da rabi. Fidel Castro na Kuba ya yi awa huɗu da kusan rabi a wannan zaure a 1960. Amma su a inuwa suka yi, masu sauraro na kan kujeru masu laushi, kuma babu wanda motar ƙarshe za ta tashi ta bari. Ni a raina Audu Bako nake tunawa. A zamanin mulkinsa aka fara madatsar Tiga a 1971, zuwa 1974 ruwa ya taru, ga shi har yau shi ake sha a noman rani a Kadawa da Kura. Da Kawu aka ba aikin, da yanzu yana kan gaida sarkin ruwa.

A na ƙarshe na shida man janareta ya ƙare. Duk wanda ya san taron ƙauye ya san mai janareta shi ne hukuma ta gaskiya, shi kaɗai ke iya tsige uban taro. Lasifika ta yi ɗif. Jama'a suka yi ajiyar zuciya. Kawu ya dubi makirufon, ya ajiye shi a tebur a hankali, ya gyara tsayuwa. Mutumin da ya shekara 50 yana kiran 'ya'yansa daga wannan gona zuwa waccan, me zai yi da lasifika? Ashe ita ce ma take rage masa murya.

A nan ne dariyar ta ƙare mini. Yaran da aka tara mu dominsu, su goma sha huɗu, tun hantsi suke zaune a kan tabarma a gefen rumfa, inda inuwa ba ta kai ba. An sa musu fararen kaya da alkyabba mai nauyi, kowanne ya rungume allonsa na zayyana. Shekaru suka yi suna tashi da asuba, suna wanke allo suna sake rubutawa, don wannan yini guda. Wata yarinya a cikinsu tun azahar take motsa baki tana maimaita inda za ta karanta, kada ya kuɓuce mata. Uwarta na can baya cikin rana da goyo, ta sayar da akuya ta ɗinka mata kayan. Su kuwa masu jawabi suna ƙarƙashin rumfa, ga ruwan gora a gabansu, ga motocinsu a bayan makaranta direbobi na barci a ciki. Mai mota ba ya jin tsawon magana, don shi ba ya jiran lodi. Da Kawu ya kai na bakwai ya zauna, rana ta yi ja, aka ce saboda ƙurewar lokaci kowane ɗalibi zai karanta aya biyu-biyu. Babu lasifika. Yarinyar nan ta karanta nata, ko na sahun gaba ba su ji ba, aka ce na gaba. Kuma duk waɗanda suka cinye mata yinin, babu wanda bai taɓa ji a bakin malamai ba cewa gajarta huɗuba alamar fahimta ce. Wasunsu ma su suke karantar da hakan.

Don haka masu tambayata dabarun jawabi, ga abin da na koyo a kan ƙafa ɗaya. A daina ba mai magana minti, ba ya jin minti. A fitar da shi daga rumfa ya tsaya inda mata suke. Ko a ce man janareta daga aljihunsa, lita-lita, mai inji na tsaye kusa da shi da jarka. In duk wannan bai yi ba, ina da yaro ɗan shekara biyar da zan bayar aro, a ɗora wa mai jawabi shi a cinya, ya yi magana iya yadda ya ga dama. Na ba shi minti huɗu, har da gaisuwar hakimi.

Masu neman rage kuɗin tafiya kuma, ku daina ɓata lokaci wajen ciniki a tasha. Ba a can kuɗin yake tafiya ba. Ku ɗauki katin gayyata ku ƙirga masu jawabi. In sun wuce uku, ku sa kuɗin kwana a lissafi. In akwai kawunku a ciki, ku tafi da bargo.

Don kuwa mun kwana. Kafin a yi addu'ar tashi, motocin Kano sun daɗe da tafiya, kuma babu direban da zai yarda magariba ta same shi a tsakiyar Falgore da iyalin mutane. Wani mai Golf ya ce zai yi shata, ya faɗi kuɗin da ya sa ƙafata ta dama ma ta yi sanyi. Muka koma gidan Kawu. Aka buɗe kular dafa-duka, ta riga ta yi tsami. Da dare Kawu ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma ya ce, "Ɗana, ka ga yadda suka matsa mini? Rabin abin da na shirya ban faɗa ba." Ya faɗa mini rabin.

Da safe lissafi ya fito. Kwana a gidan dangi kyauta ne, fita daga cikinsa ne ba kyauta ba. Yaran gida goma sha ɗaya suka yi layi a zaure, kowanne da abin sallama. Matan gida uku, ba a ba ɗaya a bar biyu. Acaɓa uku zuwa bakin titi. Sannan tsaraba: Kawu ya ba mu rabin buhun masara da zakara guda, ja, mai faɗa. Masarar an caje ta kuɗin kaya a tasha uku, har na gane da a Dawanau na saye ta da na samu canji. Na tsira da kujera ɗaya a zuwa, na zubar da kimanin kujera tara a dawowa, ban da yinin aiki da ya tafi. Garin neman gira.

Yara kuma na yi musu alkawarin a dawowa za mu biya Tiga su ga ruwa. Na cika rabi. Da muka zo saitin Bebeji na nuna musu ta taga na ce ta can ake bi, ruwan yana da yawa ƙwarai, ku rufe ido ku gani. 'Yar tsakiya ta rufe, ta ce ba ta ga komai ba. Na ce rani ne.

Tun a Tudun Wada na riga na sallama. Ƙafa ta ƙi, na ciro kuɗi na ce kujera uku. Yaron ya zauna shi kaɗai, ya miƙe ƙafafu, ya yi hamdala da muryarsa ta gaskiya har direba ya waiwayo. Ashe ɗan kamashon jiya ne a bakin ƙofa. Ya dubi yaron, ya dube ni.

"Alhaji, wannan ba shi ne ɗan shekara biyar ɗin jiya ba?"

"Shi ne. Yau sha uku."

"A kwana ɗaya?"

"Jawabin Kawuna ya saurara."

Ya ɗan yi shiru, ya gyaɗa kai kamar wanda aka taɓa gayyata saukar karatu, ya miƙo mini canji. Har zai rufe ƙofa sai zakaran ya leƙo daga ƙarƙashin babbar rigata, inda na ɓoye shi a kan cinyar da ta rage, ya buɗe fiffike ya yi cara.

"Wannan kuma fa, Alhaji? Kaza kuɗinta daban."

Na rufe masa baki da hannu.

"Wannan? Ai ƙwai ne."